Shekara Goma Sha Tara Zuhra Tana Kan Hanyar Ikko

Jawabin Hajiya Saratu Mahamadu, magatakardar Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Annashuwa, a bikin cikar ƙungiyar shekara ashirin, Matameye.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin Perefe, shugaban gundumarmu, wakilin Mai Martaba Sarkin Kance, masu unguwanni da limamanmu, malamanmu na allo da na lakwal, wato boko, iyayena mata da kuka sauke tukunya da wuri don ku samu wurin zama, 'yan uwana maza da kuka sauko daga motar ci-rani a makon nan gajiya ba ta ko sake ku ba, baƙinmu na Yauri da Icirnawa da Dawce, samari da 'yan mata, har da ku da kuka ɗare kan katanga saboda kujeru sun ƙare: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina fara godiya ga Allah da ya raya wannan ƙungiya shekara ashirin, ya kuma raya mu muka ga ranar. Ina godiya ga hukumar gari da ta ba mu fili, da waɗanda suka ara mana kujeru da rumfa da lasifika. Ina kuma godiya ta musamman ga maigidana, Malam Yasin, wanda shekara goma sha tara ke nan ana tare shi a ƙofar masallaci ana tambayarsa yaushe matarsa za ta dawo daga Ikko, alhali ya baro ta a gida tana tankaɗe. Malam, Allah ya saka maka da alheri, Allah ya ƙara haƙuri.

Ya jama'a, 'yan kwamiti sun ɗora mini amsa tambaya guda, tambayar da ta bi mu kasuwa, ta bi mu gidan suna, ta bi mu har layin asibiti: ina kashi na biyu na "Manu Ya Ga Teku"? Ni kuma na ƙara mata wata a kai, wadda ta fi ta wuya: da mun yi shi, da kun so shi? Zan bi maganar daki-daki, ina roƙon haƙurinku.

Kafin nan, saboda waɗanda aka haifa bayan fim ɗin, bari in tuna muku abin da ke ciki. Manu manomi ne, ya tafi ci-rani Ikko wata huɗu, ya dawo da baƙin tabarau da sabuwar tafiya. Ya ce tuwo ya daina karɓar cikinsa. Ya ce shi yanzu barci ba ya ɗaukarsa sai yana jin motsin teku, don haka matarsa Zuhra ta zauna gefen gado ta riƙa kaɗa ruwa a daro har ya yi minshari. Zuhra ta kaɗa kwana ɗaya, ta kaɗa kwana biyu, ta kaɗa mako guda. Rana ta takwas ta ƙulle ƙunshinta, ta tare kamiyo, babbar motar kaya, a bakin hanya, ta ce, "Bari ni ma in je in ga tekun nan." Ta bar shi tsaye da turmi da taɓarya da 'ya'ya uku da akuya. Sai rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na biyu. Ni ce Zuhra. A shekara ta dubu biyu da shida na hau kamiyon nan, kuma a wurin mutanen garin nan har yau ban sauka ba.

Batu na farko, me ya hana. Mun ba ku dalilai iri-iri, kuma babu ƙarya a ko ɗaya. Mun ce kamara ta lalace, kuma ta lalace. Mun ce Munkaila, wanda ya rubuta labarin ya kuma ɗauke shi, ya tafi Kano gyaran kamarar, kuma ya tafi, sai dai gyaran ya ci rani shida. Mun ce na haifi tagwaye, ga su can sun fi ni tsawo. Mun ce an yi layya da akuyar, an kuwa yi, na ci naman. Munkaila ma ya amince in faɗa muku cewa ranar da ya rubuta "mu haɗu a kashi na biyu" babu wani kashi na biyu a kansa. Kaset ne ya ƙare, ya rasa yadda zai rufe.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin yana zaune a layi na biyu, cikin farar babbar riga, yana kallon ƙasa. Shi ne Alhaji Yahaya mai hatsi, wanda ya fito a matsayin Manu. Jiya da hantsi na je rumfarsa na nemi izini, ya ce, "Saratu, faɗi duka, kada ki rage, amma kada ki ƙara." To, ba zan ƙara ba.

Shekara guda bayan fim ɗin, Yahaya ya je neman aure a wani gari da ba zan ambata ba. Ya tafi da baffanninsa, cikin shiga ta mutunci. Suna zama a zaure, uban yarinyar ya dube shi, ya waiwaya cikin gida ya ɗaga murya ya ce, "A kawo wa Manu daro!" Zaure ya ɗauki dariya, har baffanninsa sai da suka rufe baki da hannun riga. Da dariya ta lafa, dattijon ya gyara zama ya ce, "Yaro, ka iya wasa, Allah ya yi maka albarka. Amma ɗiyata ba za ta kwana tana kaɗa ruwa ba." Aka tashi babu aure.

Bayan wata biyar mahaifinsa ya rasu. Ana zaman makoki, wani bawan Allah ya zo daga ƙauye yin ta'aziyya. Ya durƙusa, ya fara "Allah ya jiƙan...", ya ɗaga kai suka haɗa ido da Yahaya, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Ya tashi ya fita a guje, ya bar takalminsa. Na san kuna dariya yanzu, ni ma na yi daga baya, Allah ya yafe mana. Amma a ranar Yahaya ya same ni a ƙofar gida idonsa jawur, ya ce, "Saratu, na ba mutanen garin nan dariya, sun ƙi mayar mini da fuskata." Daga ranar bai sake taka dandali ba. Ya kama sana'ar hatsi, Allah ya sa mata albarka, ya yi aure, ya sauke farali, ya kuma kafa doka a gidansa cewa ba a ambaton sunan Manu. Duk lokacin da ɗayanku ya tsaya a rumfarsa ya ce, "Manu, ina kashi na biyu?", kuna ganin wasa kuke yi, shi kuwa zauren nan yake tunawa.

Batu na biyu, abin da kuka ce da bakinku. Da bikin nan ya matso, kwamiti ya ce kada mu zauna a ɗaki mu yanke wa jama'a hukunci, a je a tambaye su. Ni da Munkaila muka ɗauki kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, muka zaga unguwannin Matameye, muka je Yauri, muka je Icirnawa. Duk wanda ya haura shekara talatin da biyar, kafin mu rufe baki ya ce, "A yi! Me ake jira?" Sai mu ce, to, me kake so ka gani a ciki? A nan ne magana take watsewa. Wani yana so Zuhra ta dawo da mota. Wani yana so ta dawo ta ba Manu haƙuri. Wannan, ba sai na faɗa ba, namiji ne. Wata tana so Manu ya bi ta Ikko ya ɓace a tasha. Mun cika shafi goma sha huɗu, ba mu samu mutum biyu da suke jiran fim iri ɗaya ba.

A Yauri muka sami Inna Shekara tana tsinkar zogale a tsakar gida. Ta gane ni tun daga ƙofa. Da na faɗa mata abin da ya kawo mu, ta ajiye faifai ta ce, "Ɗiyata, ku bar ta a can. A duk rayuwata ita kaɗai ce macen da na ga ta tafi ta bar namiji da turmi. In kuka dawo da ita, ai daka za ta koma." Na ce, "Inna, to ba kya son ki san yadda ta ƙare?" Ta ce, "Na sani mana. Kullum in na gaji, sai in ce Zuhra tana can bakin ruwa ta miƙe ƙafa. Kada ku taɓa mini ita."

A Icirnawa kuma muka sami Ɗanjuma, wanda ya yi rani goma sha ɗaya a Ikko yana dako. Ya saurare mu tsaf, ya ce, "Hajiya, ni tekun nan sau uku na gan shi, duk ta tagar mota a kan gada, ina tsaye da ƙafa ɗaya. Abin da ya sa muka yi wa Manu dariya, kowannenmu ya taɓa dawowa gida ya ƙara wa labari gishiri. Amma in kuka kai Zuhra can, ɗayan biyu ne. In kun nuna inda muke kwana da abin da muke ci, babu mai dariya. In kun ƙawata, mu za mu san kun yi ƙarya." Munkaila ya rufe kayensa.

Matasa kuwa, Allah ya shirya mana su, tambayarsu ɗaya ce: "Minti nawa ne?" Muka ce awa ɗaya da rabi. Suka dubi juna kamar mun ce su yi noman kadada da cokali. Wata ta ce, "Hajiya, a yayyanka shi minti-minti a turo mana ta salula." Wani ya tambaye ni ko Manun yana da rai. Na ce yana nan, ubanka ma a wurinsa ya auni gero jiya.

Batu na uku, kuma shi ne mai tsawo, gwajin da muka yi a Dawce. Muka ce baki yana iya cewa a yi don kunya, bari mu gwada kunne da ido. Munkaila ya tono kayen da ya rubuta kashi na biyu tun yana Kano, ɓera ya ɗan ci gefensa. Muka ɗauki minti goma sha biyar da salula. Da yake Alhaji Yahaya ya ce ko kusa, sai Mushe Bashir, malamin lakwal kuma gwanin wasanmu na yanzu, ya tsaya a matsayin Manu. Alhaji dai ya yi mana alheri guda: ya ce zai kai mu da motarsa, ya ara mana gurup ɗinsa na wuta, amma mu sani shi direba ne kawai. Matarsa, Hajiya Sakina, 'yar Dawce ce, ta ce bari ta bi mu ta gaida mahaifiyarta.

Bayan la'asar muka toshe tagogin wani aji da zannuwa, muka kafa tele, mutane suka cika har baranda. Aka kunna.

Jama'a, na yi wasa a gaban mutane tun ina budurwa, na san shirun sauraro, na san shirun jiran dariya. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Wannan shirun mutanen da suka zo gaida mara lafiya ne. Ga Zuhra a Ikko tana layi a telesantir don ta kira gida, abin da a wancan zamani kowa ya san wahalarsa. Yanzu rabin ɗakin ba su san mene ne telesantir ba, sauran rabin kuma sun manta. Dariya guda muka samu a minti goma na farko, ita ma ba mu muka rubuta ta ba. A labari, kwana huɗu ke nan da Zuhra ta hau kamiyo, siririya kamar karan dawa. Sai ga ni na bayyana a tele yadda kuke ganina yau. Wata mata daga baya ta ce da ƙarfi, "Kai, abincin Ikko ya karɓe ta!" Na gode mata, don ita ta cece mu daga fita babu ko ɗaya.

Sai aka zo wurin da Manu zai yi daka karo na farko. A tele, Mushe Bashir ya ɗauki taɓarya yana rawar jiki, yana zare ido, yana ja da baya. Ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ina shaida gwani ne. Ɗaki shiru. Can sai muka ji murya daga bakin ƙofa: "Ba haka ba ne!"

Kowa ya waiwaya. Direbanmu ne. Ya ratso mutane har gaba inda Mushe Bashir yake zaune, ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, amma Manu ba ya tsoron taɓarya. Raina ta yake yi. Shi a ganinsa babu abin da bai iya ba, ai ya ga teku." Bashir ya ce, "To Alhaji, nuna mini." Alhaji ya ce, "A'a, ni faɗa kawai na yi." Kafin ya juya, matan Dawce, Allah ya yi musu albarka, sun riga sun mirgino turmi daga gidan maƙwabta, da taɓarya da ƙwaryar gero, sun ajiye a tsakar filin lakwal. Ɗaki gaba ɗaya ya fito waje, aka bar tele tana magana ita kaɗai.

Alhaji ya tsaya yana kallon turmin nan. Na ga hannunsa yana shafa gemu, na ce a raina yanzu zai nufi mota. Sai ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Munkaila. Ya zare baƙin tabarau daga fuskar wani ɗan kabu-kabu ya maƙala. Wallahi jama'a, kafaɗarsa kawai ya ɗaga, ya karkata wuya, sai ga Manu, kamar jiya muka rabu. Ya zaga turmin sau biyu yana taɓe baki. Ya bayyana wa jama'a cewa a Ikko inji ke wannan aiki, mutum sai dai ya danna da ɗan yatsa yana shan iska. Ya ɗaga taɓarya da hannu ɗaya, ya sauke ta a kan leɓen turmi, gero ya tashi sama ya dawo masa a ka. Kaji suka rugo. Ya tsaya yana yi musu faɗa da Turancinsa na Ikko, wanda babu Bature a duniya da zai gane. Tsofaffi suna riƙe ciki, matasan nan masu minti ɗaya sun manta da salularsu, Mushe Bashir kansa ya zauna a ƙasa yana share hawaye.

Amma akwai dariya guda da ta fi ta kowa, wata irin dariya mai shiƙewa har da tafa cinya. Alhaji ya ji ta, ya tsaya cak da taɓarya a sama. Ya zare tabarau. Hajiya Sakina ce, ta jingina da bishiya gyalenta ya zame.

Ya ce, "Hajiya, har da ke?"

Ta goge ido ta ce, "Alhaji, sau goma sha ɗaya na kalli kaset ɗin nan a ɗakin yayata kafin ka zo neman aurena. Da aka ce mini wani mai hatsi ne daga Matameye, na ce a ba shi haƙuri. Da aka ce ai Manu ne, na ce a karɓi goro. Shekara goma sha shida ina jira ka ba ni dariya a gida, kai kuwa ka shigo ka tsare gida kamar mai karɓar haraji."

Filin nan ya sake fashewa, amma shi bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallonta kamar yau aka kawo masa ita. Ya karɓi rigarsa ya saka, muka kwashe kaya. Muka kama hanyar gida. Sai da muka hango fitilun shiga gari, ana kiran magariba, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Sau goma sha ɗaya?" Ta ce, "Sha biyu, in an haɗa da ranar da wuta ta ɗauke a tsakiya." Motar ta ɗan yi tangal-tangal, don kafaɗun direba suna rawa saboda dariya.

Batu na ƙarshe, amsar da kuka zo ji. Da mun yi kashi na biyu a shekarar da ta biyo, da kun cika ɗaki, da kun fito kuna cewa na farko ya fi. Da mun yi shi bana, da kun zo don kara, kun zauna don kunya, kun tafi gida kuna tausaya mana. Bakinku ya ce a yi, kuma na yarda da zuciya ɗaya kuka faɗa. Amma Dawce ta nuna mana cewa ba ci gaban labari kuke kewa ba, mutumin kuke kewa. Saboda haka kwamiti ya yanke shawara, babu wanda ya ƙi: ba za a yi kashi na biyu ba. Alkawarin da muka rubuta muku a ƙarshen kaset, yau a gaban shugabanni muna neman ku yafe mana shi. Ƙarfin da ya rage mana za mu zuba shi a sababbin wasanni, na zamanin nan, a hannun Mushe Bashir da matasansa, masu tsawo da masu minti ɗaya.

Ina kuma da roƙo, ya jama'ar Matameye. Wanda ya tsaya a gabanku ya mai da kansa abin dariya don ku manta da gajiyar yini, kyauta ya yi muku. In ya sauko, ku gaishe shi da sunan da ubansa ya raɗa masa. In ya zo neman aure, ku dubi halinsa. In yana cikin makoki, ku yi masa ta'aziyya kamar kowa. Waɗannan matasa da za su hau dandali bayanmu, kada a sake samun wanda zai yi kusan shekara goma sha takwas yana ɓoye baiwar da Allah ya ba shi.

Yanzu ga albishir. Alhaji Yahaya ya ce in sanar da ku cewa da zarar na sauka, zai hau nan sau ɗaya, yau kaɗai, da sharaɗi uku. Na ɗaya, kowa ya mayar da salularsa aljihu, har da ku na kan katanga, ina ganinku. Wanda ya gani ya gani. Na biyu, gobe duk wanda ya je rumfarsa, Alhaji Yahaya zai tarar. Na uku, a ba Hajiya Sakina da 'ya'yansa biyar kujerun gaba, don ya ce yau su zai yi wa wasa, ku kuwa albarkacinsu za ku ci. Mai girma shugaban taro, ina neman alfarma a ɗan matsa musu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu. Allah ya tsare 'yan uwanmu da ke kan hanyar dawowa, ya sada su da iyalinsu lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka fara wannan tafiya tare ba su ga yau ba. Allah ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon adalci. Allah ya sa a kowane gida a garin nan a samu abin da za a yi dariya a kai tare, miji da mata da 'ya'ya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Hajiya Sakina, bismillah, ga kujerarki. Alhaji, fili naka ne.

Na gode.